Zinare ne, eh, amma kwandalar ta gaske ce?

Wani abokina ya turo min hoton wata tsohuwar kwandalar zinare da ya tarar cikin kayan kakansa, yana ta murna, wai ya riga ya kai wa maƙerin zinare an gwada an ce masa zinare ne gangariya. Na tambaye shi yaya aka gwada, ya ce an goga gefenta a kan wani baƙin dutse an ɗiga asid, layin bai goge ba. Na ce masa to Malam an amsa maka tambaya ɗaya, saura ɗaya, kuma wadda ta rage ɗin ita ce mai kuɗin, sannan don Allah kar ka sake bari kowa ya goga ta a jikin komai.

Abin da yawancin mutane ba sa rabewa kenan. "Zinare ne ko ba zinare ba ne" tambaya ce daban, "wannan kwandalar ita ce abin da take cewa ita ce" tambaya ce daban. Maƙeri ƙarfe yake dubawa, shi a wurinsa da kwandala da zobe da ɗan kunne duk ɗaya ne tunda narkewa za su yi. Amma tsohon kuɗi darajarsa biyu ce, akwai ta ƙarfen da ke jikinsa akwai kuma ta shekararsa da inda aka buga shi da ƙarancinsa a duniya, kuma tazarar da ke tsakanin biyun wani lokaci sai ka riƙe baki. Kwandalar dala ashirin ta Amurka ta 1933 zinaren da ke cikinta bai ma cika oza ɗaya ba, wato wajen giram 31, amma a 2021 an sayar da guda ɗaya a gwanjo a kan dala miliyan 18.9. Ka ga duk wanda zai yi jabun irin wannan ai ba zai yi rowar zinare ba, zai sa na gaske ɗin har ya ɗan ƙara, ribarsa ba a nan take ba.

Bari dai mu fara da tambayar farko tunda ita ce mai sauƙi, kuma ita ce za ka iya yi a gida ba tare da ka ji wa kwandalar ciwo ba. Zinare abu ɗaya ne yake tona asirin masu kwaikwayonsa, nauyi. Ɗan curin zinare mai santimita ɗaya ta kowane gefe yana kai giram 19.3, dalma da muke gani kamar ta fi komai nauyi 11.3 ce kawai, azurfa 10.5, jan ƙarfe bai ma cika 9 ba. To mai jabu yana cikin tsaka mai wuya, in ya daidaita girma nauyi zai gaza, in ya daidaita nauyi dole abin ya yi kauri ko faɗi fiye da ƙa'ida, ba zai samu duka biyun ba da ƙarfe mai arha. Shi ya sa sikeli shi kaɗai ba ya isa, ma'aunin faɗi da kauri shi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa su.

Ta abokin nawa fam ɗin zinaren Ingila ce, wadda masu harkar ke ce wa soberin, kuma wannan an san lissafinta sarai tun 1817 da aka fara buga irin ta zamani: giram 7.98, faɗi milimita 22.05, kauri wajen milimita ɗaya da rabi, karat 22, wato kashi 91.67 cikin ɗari zinare ne sauran yawanci jan ƙarfe. In aka yi mai wannan girman da tagulla ba za ta wuce giram huɗu ba, in dalma ce biyar da 'yan kai. Faran ashirin ta Faransa giram 6.45 ce, dala ashirin ta Amurka 33.44, kowace tana da nata, kuma ba abin ɓoye ba ne, a kundin masu tara kuɗi duk an rubuta. Sikelin dai ya zama mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, ba irin na auna kaya ba. Kuma a tuna tsohon kuɗi ya sha hannu, ragin giram 0.03 ko 0.05 ba abin tashin hankali ba ne, amma kwandalar da ta goge har fuskar sarki ta shafe sannan ka auna ka ga ta cika cif ko ma ta haura, wannan kam akwai magana.

Sai gwajin ruwa, wanda ni shi na fi so saboda tsufansa, tun labarin Arkimidas masanin Girka da kambin sarkin Sirakus ne sama da shekara dubu biyu. Ka ɗora ƙaramin kofi mai ruwa a kan sikeli ka mayar da shi sifili, ka ɗaure kwandalar da siririn zare ka zura ta cikin ruwan a hankali har ta nutse gaba ɗaya amma kar ta taɓa ƙasan kofin ko gefensa, ka riƙe hannunka kar ya yi rawa, ka duba ko akwai 'yan kumfar iska da suka maƙale a jikinta ka kaɗe su, sai ka karanta lambar. Soberin ta gaske za ta nuna maka 0.45 ko 0.46. Ka raba 7.98 da wannan lambar za ka samu wani abu wajen 17 da rabi, wanda shi ne daidai da karat 22. In nauyinta ya cika 7.98 amma ka ga 0.51 to zinaren bai wuce karat 18 ba, in 0.70 dalma ce aka shafa wa ruwan zinare, in ta doshi 0.9 tagulla ce kawai. Matsalar ita ce a ƙaramar kwandala kuskuren 0.01 kaɗai yana karkatar da amsar sosai, zaren ma yana da nasa, don haka a maimaita sau uku ko huɗu kuma kar a ɗauke shi kamar hukuncin alƙali.

Maganaɗisu kuma, mutane suna ba shi muhimmancin da bai kai ba. In ya kama ta shikenan magana ta ƙare, jabu ce. In bai kama ba babu abin da ka sani, don tagulla da dalma da azurfa duk ba ya kama su. Cizo da haƙori kam ban ma san me zan ce ba, dalma ta fi zinare laushi, wato jabun ce ma za ta fi nuna shatin haƙori, kai kuma ka ɓata kayanka a banza. Ƙara tana da amfani ga wanda kunnensa ya saba: ka ɗora ta a kan ɗan yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa gefenta da wani abu mara kaifi, ta gaske za ta yi wata siririyar ƙara mai ja, ta zubi ko ta dalma sai ka ji ƙwas ta mutu nan take. Amma sai kana da ta gaske a gefe kana kwatantawa.

Launi ma ba abin dogaro ba ne. Soberin ɗin farko-farko da aka buga a Sidni da azurfa aka gauraya su, sun fi na Landan haske da rawaya, wanda bai sani ba sai ya ce jabu ne.

Akwai ƙarfe biyu da suke iya tsallake sikeli da ruwa. A ƙarni na 19 lokacin da filatinum bai kai zinare tsada ba, an yi ta buga jabu da shi musamman a Sifen ana shafa masa ruwan zinare, don shi ya ma fi zinaren nauyi, 21.4, sai a gauraya shi da wani abu ya sauko daidai. Na zamaninmu shi ne tangistin, 19.25, kusan tagwaye suke da zinare. A 2012 an samu sandunan zinare a Niyok da aka rarake cikinsu aka cusa shi. Sa'ar da aka yi ita ce tangistin yana da taurin tsiya kuma ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400, buga masa zane mai kyau a siririyar kwandala aiki ne ja, shi ya sa an fi ganinsa a sanduna da manyan kwandaloli. Na'urar XRF da manyan dillalai ke haskawa tana faɗin abin da ke jikin ƙarfe ba tare da ta taɓa shi ba, amma fatar sama kawai take gani, zurfin da bai kai kaurin gashin kai ba, in shafen ya yi kauri za ta rantse maka zinare ne. Abin da ke kama tangistin shi ne na'urar da ke tura sauti ta cikin ƙarfen, don sauti yana gudun mita 3,200 da ɗoriya a daƙiƙa cikin zinare, cikin tangistin kuma sama da 5,000, ko kuma mai auna yadda lantarki ke ratsa shi.

To a ce ta wuce duk wannan, zinare ne ciki da waje. Yanzu ne aikin ya fara.

Bayan yaƙin duniya na biyu soberin tana da farin jini sosai a ƙasashen Larabawa da Girka da sauransu, har ana sayenta sama da kuɗin zinaren da ke cikinta, alhali Landan ta daina buga ta don hada-hada tun 1917. Sai wasu a Italiya da Labanon da Siriya suka ga ƙofa, suka kafa injina suna buga tasu da zinare na gaske, ribarsu ita ce wannan ɗan ƙarin da ke sama. Har wani da ke buga su a Milan ya gudu Suwizalan, kotun can a 1952 ta ƙi miƙa shi, hujjarta wai soberin ta daina zama kuɗin da ake kashewa don haka ba jabun kuɗi ya yi ba. Wannan na cikin abin da ya sa Ingila ta dawo da buga ta gadan-gadan a 1957. Waɗannan jabun har yau suna yawo, sun tsufa sun sha hannu, suna cikin akwatunan gado a ko'ina, kuma kakan da ya saye su shi ma bai sani ba. Wato "tun zamanin kakana take gidanmu" ba shaida ba ce, jabun ma tana da jikoki.

Yadda ake kama irin wannan, sai da gilashin ƙara girma mai ninki goma irin na masu gyaran agogo, da haske ta gefe, da haƙuri. Kuɗin gwamnati bugawa ake yi, a sa fallen zinare tsakanin hatimin ƙarfe biyu a danne da ƙarfin gaske, ƙarfen ya malala ya cika kowane lungu, shi ya sa harufa ke fitowa da kaifi kamar an yanka, filin da ba zane kuma sumul. Ta zubi, wadda aka narka aka zuba a mazubi, za ka ga harufan sun yi kumburi-kumburi kamar sabulun da aka fara wanka da shi, filin yana da 'yan ƙuraje da 'yan ramuka na kumfa, a gefe kuma sau da yawa akwai siririn layi inda rabi biyu na mazubin suka haɗu ko alamar an goge shi da zarto, kuma takan ɗan gaza a faɗi don ƙarfe yana tsukewa in ya huce. Wannan mai sauƙi ce. Mai wuyar ita ce wadda aka kwafi hatimi daga kwandala ta gaske aka buga da inji. Amma ita ma tana da rauni guda: duk wani tabo da ke jikin uwar da aka kwafa, ko ɗan ƙwarzane ne, zai fito a jikin kowace 'ya a wuri ɗaya. Tabon gaske cikinsa yana sheƙi da kaifi don ƙarfe ne ya fashe, tabon da aka kwafo kuwa cikinsa lumui yake, launinsa ɗaya da filin da ke kewaye da shi. In ka ga kwandala biyu da tabo iri ɗaya a wuri ɗaya, to ba haɗuwar jini ba ce.

Gefe ma a duba shi, 'yan tsage-tsagen nan. Asalinsu don hana masu yanke bakin kuɗi suna tara ɓarɓashi aka yi su, kuma mai jabu yakan ƙare ƙoƙarinsa a fuska da baya ya yi wa gefe aikin gaggawa, sai ka ga wasu sun fi wasu faɗi ko sun hau juna a inda suka haɗe. A juya ta kuma: kuɗin Amurka in ka kifa shi daga sama zuwa ƙasa ne bayan ke fitowa a tsaye, soberin daga 1887 zuwa gaba kuma daga gefe zuwa gefe.

Wani gwanin da ba a taɓa kamawa ba, a farkon shekarun 1970 aka gano aikinsa, ya buga dala ashirin ta 1907 mai tudun zane da zinare na gaske, kyan aikin har ya ruɗi dillalai da yawa, sai daga baya aka lura ya sa 'yar alamar harafin omega na Girkanci a cikin ƙafar mikiyar da ke bayan kwandalar, kamar mai sa hannu a aikinsa. Ni wannan yana ba ni dariya yana kuma ba ni tsoro, don da bai yi wannan taƙamar ba Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da za a ɗauka.

Sannan akwai abin da ba gilashi ke kamawa ba, sanin tarihi ne. Ana sa wa soberin ɗan harafi mai nuna inda aka buga ta, mai harafin P ta Pas ce a Ostireliya, kuma gidan buga kuɗin can a 1899 ya fara, to P a kan 1890 ƙarya ce tsagwaronta. Mai SA ta Firitoriya ce daga 1923 zuwa 1932, mai I ta Bombay ce, kuma a cikin tsofaffin ta 1918 ce kaɗai, Landan ba ta sa harafi kuma ba ta buga ko ɗaya ba daga 1918 zuwa 1924. Masu jabu sun sha haɗa kan sarki da shekarar da bai hau mulki ba. A ɗaya gefen kuma akwai wadda shekararta ba gaskiya ba ce amma ba jabu ba ce, don gwamnatin ce da kanta ta sake bugawa da tsohuwar shekara: Ingila ta buga masu 1925 tsakanin 1949 da 1951, Ostiriya kuma har yanzu tana buga kwandalarta ta zinare, dukat, mai ɗauke da 1915. Halal ne, zinarensu cikakke, sai dai kar wani ya sayar maka da ita a matsayin mai shekara ɗari.

In aka koma kuɗaɗen da, na kafin inji, lissafin ya canza gaba ɗaya. Dinarin da Halifa Abdulmalik bn Marwan ya fitar a shekara ta 77 bayan hijira, mai rubutu zalla ba hoto, nauyinsa wajen giram 4.25 ne, amma da guduma aka buga shi, hatimin ma da hannu aka sassaƙa, don haka wani ya karkace wani rubutun gefensa ya fita waje, ba biyu da suke daidai ta kowace fuska. A nan kamala ita ce abin zargi, in ka ga guda uku a hannun mutum ɗaya duk karkacewarsu ɗaya gogewarsu ɗaya, daga mazubi ɗaya suka fito. Kuma dinaran Umayyawa yawancinsu ba sa ɗauke da sunan halifa ko na garin da aka buga su, shekara ce kawai, to wanda ya zo maka da mai sunan halifa ɓaro-ɓaro sai ka ƙara buɗe ido. Masana suna duba salon rubutun Kufi na wannan zamanin, suna neman ko an san wata kwandalar da aka buga da wannan hatimin, suna duba ƙasar da ta maƙale a lungunan harufa ko ta shekaru ce ko manna ta aka yi. Tsufan ma ana ƙirƙirarsa, wani Bajamushe Karl Wilhelm Beka da ya mutu a 1830 ana ba da labarin yana zuba jabunsa cikin akwati da garin ƙarfe ya ɗaure a jikin keken doki ya yi ta yawo har su goge.

Abin ban sha'awa, kwaikwayon da aka yi tun a wancan zamanin shi kansa dukiya ne yanzu. Sarki Offa na Marsiya a Ingila ya sa an kwaikwayi dinarin Halifa Mansur na 157 bayan hijira, mai sassaƙar bai iya Larabci ba ya yi kurakurai, har ya sa sunan sarkin a kife tsakanin layukan, yau tana gidan tarihin Birtaniya ana alfahari da ita. Kuma masanan su ma suna saɓawa, kwandalar wani Sifonsiyan, da ake zaton sarkin Rumawa ne, da aka tono a Tiransilbaniya ta ƙasar Romaniya a 1713 an daɗe ana ce mata jabu, a 2022 wasu masu bincike suka ce gogewarta da ƙasar jikinta sun nuna ta daɗe a binne, wasu kuma har yau ba su yarda ba.

Shi ya sa in dai ana zaton kwandala tana da daraja sama da zinarenta, ƙarshenta sai an kai wa masu tantancewa. Kamfanoni biyu na Amurka, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, su ne aka fi sani, suna dubawa su ba ta maki daga 1 zuwa 70 su rufe ta a cikin roba da lamba. Robar ma ana jabunta, don haka a shiga shafinsu a sa lambar, in akwai hoto a kwatanta tabo da tabo. Kafin nan kuma kar a wanke, kar a goge da tsumma ko man goge ƙarfe, kar a huda, a riƙe ta gefe. Wadda aka wanke ko aka taɓa maƙala ta a sarƙa aka cire, gwani yana gani da kallo ɗaya, kuma darajarta ta tarihi ta zube ko da ta gaske ce.

Ta abokina dai da muka haɗu na auna, 7.97, faɗi daidai, ruwa ya ba da 0.46, harufa da kaifinsu, kan Sarki Joj na biyar, shekara 1917, ba harafin gari. Abin da ya sa shi rawar jiki kenan, don ya karanta cewa ta Landan ta 1917 duk da an buga sama da miliyan ɗaya yawancinsu an narkar, ta zama abin nema. Amma a wannan shekarar Pas da Malbon da Sidni da Otawa duk sun buga nasu, kuma harafin ɗan mitsitsi ne a kan ƙasar da ke ƙarƙashin dokin da ke bayan kwandalar, saman shekarar. Na karkata ta a ƙarƙashin fitila na sa gilashi a daidai wurin, sai ga shi ya ɗan lotsa, ya fi kewayensa sheƙi, da wasu siraran layuka duk sun nufi gefe ɗaya. Na miƙa masa gilashin na ce duba da kanka. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, can ya ɗago ya ce to wane harafi ne a wurin, na ce ina zaton P amma wannan sai masu babban madubi. Ya naɗe ta a takarda mai laushi ya sa a ambulan, ga kuma shatin dutsen maƙeri nan a gefenta yana sheƙi.